Hoton Baba da Na Kai Bron

Unguwar Barbès, kafin asuba

Tun kafin asuba na tashi, ko da yake jirgin ƙasan sai gari ya waye zai ɗaga. Na duba tikiti, na duba katin zaman ƙasa, na koma kan tikiti. Maiɗakina Rabi ta ce, "Malam Sani, Lyon fa za ka, ba Makka ba." Ni dai hankalina yana kan ambulan da ke aljihun ƙirjina.

Ƴan'uwa na Damagaram, ga abin da ke ciki. Ɗiyata Hadiza malamar tarihi ce a Bron, kusa da Lyon. An kira su horon malamai, ana koya musu karantar da tarihin Amurka da ainihin abin da mutanen zamanin suka bari, kamar hoto da jarida da murya. An ce kowa ya zo da abu guda. Sai ta tuna da hoton kakanta, wanda Baba ya tsaya bakin rijiya da baƙar fatar nan na Amurka da ya zo haƙa rijiyoyi garinmu ina yaro, wanda muke ce wa Dogo. Irin hoton nan ne mai fitowa nan take. Baba ba shi da wani hoto a duniya sai shi.

A waya ta ce, "Baba, ka kawo shi yadda yake."

Ni kuwa sai tunani. In ruwa ya taɓa shi fa? Ga farin gefensa na ƙasa duk tabo da wani koɗaɗɗen rubutu. Yaya ɗiyata za ta kai abu mai dauɗa gaban manya? Kun sani, a wurinmu takarda mai daraja leda ake sa mata, ta haihuwa ko ta gona. Ana gobe tafiya na kai shi wurin wani mai kwafi kusa da gadar metiro, jirgin ƙasan cikin gari, na ce ya datse gefen, ya sa leda. Ya ce, "Alhaji, ka tabbata?" Na ce na tabbata. Ya fito da ɗumi yana sheƙi, har na ji daɗi.

Cikin jirgi

Na canja metiro a tashar Châtelet, na isa tasha ba a ma rubuta layin jirginmu ba. Da muka bar gari sai gonaki da fararen shanu. Mai duba tikiti ya wuce lafiya. Na ci burodi da dabino, sannan na ce bari in gaida Baba.

Na buɗe ambulan. Wani rawayan ruwa ya malala a ƙarƙashin ledar, ya cinye fuskar Baba daga goshi har gemu. Na goge da hannun riga, na sake gogewa. A ciki yake. Sauran tafiyar ban ga komai ta taga ba.

Lyon

Hadiza na jira a tasha. Ta rusuna, ta tambayi lafiyar Innarta da gajiyar hanya, na amsa da baki kawai. Sai da muka zauna cikin tiram, jirgin da ke bin titi, na miƙa mata. Ta daɗe tana kallo, ta juya bayansa.

"Baba, ina rubutun ƙasan?"

"Na sa an datse. Ya yi dauɗa."

"Sunansa ne fa, da garinsu. Ni ma ban taɓa kwafe shi ba, cewa nake yana nan." Ta mayar da shi cikin ambulan. "C'est pas grave. Ba komai, Baba."

Da faɗa ta yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Bron, jami'a

Mai horar da su wata Bakanuwa ce, Hajiya Bilki. Tana jin daga inda nake ta ce, "Badamagare ya iso, a ɓoye abinci!" Da ta ga hoton ta girgiza kai. "Ku dai in an bar ku, har tuwo sai kun sa masa leda." Na yi yaƙe.

Na zauna a baya, Hadiza tana fassara mini. Wani malami ya kawo yagaggiyar jarida da sojan Amurka ya bar wa kakansa lokacin yaƙi. Cikin farar takarda ya naɗo ta, ana ɗaga ta a hankali kamar jariri. Na lura duk abin da ya fi tsufa da tabo, shi aka fi girmamawa. Kowane abu tambayoyinsa ɗaya: wa ya yi shi, yaushe, don me?

Aka zo kan namu. Hadiza ta ce burinta ɗalibanta su bi sawun mutumin nan, su gano abin da ya baro a ƙasarsu a zamanin da baƙar fata ke neman haƙƙinsu, da abin da ya kawo shi bakin rijiyarmu. Hajiya Bilki ta waiwayo.

"Malam, ko ka tuna sunansa?"

Na lalubi kaina. Na tuna yana waƙa cikin rami, yana shan fura da cokali yara na dariya.

"Dogo muke ce masa, Hajiya."

Suka rubuta, suka yi godiya. Amma ba a neman mutum a Amurka da sunan Dogo. Hadiza ta koma kujerarta, aka ba ta jaridar wani ta yi aikin da ita.

A gidanta na kwana. Ta yi tuwon shinkafa miyar kuka, ta yi ta ƙara mini, ba ta sake tada zancen ba.

Komawa

Daga tasha ban biya gida ba, sai wurin mai kwafi. Na ce ko guntun da ya datse yana nan. Ya jawo kwandon shara ya nuna mini, wayam. "Tun jiya da safe aka kwashe, Alhaji. Ai na tambaye ka."

Ya tambaye ni kuwa.

Na iso gida lafiya bayan la'asar, alhamdulillahi. Ina gode wa Hajiya Bilki da karamcinta, da Hadiza da haƙurinta, Allah ya yi mata albarka. Ku kuma na gida, duk mai tsohon abu a akwati ya bar shi da tabonsa. Yayata Hajiya Zali, ki gafarce ni, hoton namu ne mu biyu. Ruwan ya ci gaba da malala, abin da ya rage na Baba a ciki hannunsa ne kawai, dafe da kafaɗar Dogo.