Kawu Mai-tsumma, Wanda Ya Kai Ƙarar Kansa

Ƙarfe takwas na safe Kawu Mai-tsumma yana bakin shinge, ya dubi sama, ya dubi agogo, ya sake duban sama. Cikin shingen fili ne fetal, da sanda ɗauke da na'urar da ke auna hasken da ƙasa ke mayarwa. Goma da rabi tauraron ɗan Adam zai gifta ya ɗauki hoton filin. In awonsa ya saɓa da na ƙasa, injiniyoyi su daidaita masa ido. Da hotunansa ake gane gonakin da fari ya kama.

Na'urar da kanta take awo ta aika. Goge kashin tsuntsu daga gilashinta ne ba ta iya ba. Shekara goma sha tara Kawu na yin wannan, a kan katako guda yake takawa don kada sawunsa ya sauya launin ƙasa.

"Kawu, zauna mana, kujerar ba ta cizo," Injiniya, shugabarsa, kan ce.

"Ranki ya daɗe, bari ya wuce tukuna."

Bara, saura wata uku a ƙara masa girma, alƙaluma suka nuna idon tauraron ya kauce da kashi uku cikin ɗari. Aka sa Litinin ranar gyara. Kawu ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ranar Juma'a ya shiga ofishin Injiniya.

"Tauraron nan ƙalau yake. Ciyawa ce ta fito ƙarƙashin sandar, na sa fartanya. Wurin da na'urar ke aunawa ya yi duhu, sauran filin yana yadda yake."

"Wa ya gan ka?"

"Ba kowa."

"Ka san takardar gargaɗi ce? Girman ya tafi fa."

"Na sani, 'yata. Rubuta."

Aka zubar da awon sati shida, aka bar tauraron yadda yake. Girman bai zo ba.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki a matakinsa na da, har yanzu kuma bai koyi zama ba.

Kawu, kai ne mai gaskiya ba shaida. Da ka yi shiru, da laifin ya hau kan ƙarfen da ba shi da bakin kare kansa. Manoman da suka amfana ba su san ka ba, mun gode a madadinsu. Masu tasowa, in hannunku ya ɓata awo, bakinku ya riga kowa faɗa.