Wayar da Ba Ta Jin Yatsan Baba

Jirgin ƙasa bai taɓa bi ta Kusada ba, amma akwai tashar Kusada a shagon mahaifina. Da gwangwanin kifi ya gina ta, ya yi mata rumfa da kwalin ashana, ya dasa ta a kan wani tsohon ƙyauren katako da ya ɗora bisa bulo huɗu. A ɗaya ƙarshen ƙyauren akwai tashar Kankiya. Siririn layin dogo ya zagaye su, kuma a gaban tashar Kusada ya rabu biyu, sannan ya sake haɗewa.

Baba ya yi shekara talatin a reluwe yana ba jirgi hannu. Shi ke tsayar da wannan ya saki wancan, amma ko sau ɗaya bai taɓa zama a kujerar direba ba. Ɗan jirgin wasan wani injiniya ne ya bar masa tun ina goye. Da ya yi ritaya ya dawo gida noma, sai ya fito da shi daga akwatin ƙarfe, ya haɗa shi da batirin sola. Ni kuma, da karambanina, na samo masa kan jirgi na biyu a gwanjo, ja, nasa kuwa baƙi ne.

A nan matsala ta taso. Wutar a cikin dogon take, saboda haka da ka kunna, jiragen biyu za su zabura tare, da ka kashe su mutu tare. Abin da Baba yake so shi ne abin da ya yi duk rayuwarsa: ɗaya ya tsaya a tasha, ɗayan ya gifta shi ya wuce. Bai gaya mini ba, don ni ce 'yar fari. Ba ya kiran sunana, ba ya tambayata komai kai tsaye, ko muna zaune tabarma ɗaya sai ya dubi Gwaggo, ƙanwarsa da ta raine ni, ya ce, “A tambayi waccan ko ta ci abinci.” Gwaggo ce gadar da maganarmu ke bi, kuma ita ta kawo mini wannan.

A Kankiya, inda nake koyarwa, akwai wani dattijo mai gyaran rediyo, mutumin kudu, wanda ya daɗe a garin har Katsinancinsa ya fi nawa. Shi ya warware mini zancen. Ya ce maganin shi ne na'urar dijital: za a saka wa kowane kan jirgi ɗan wani abu kamar sim, a ba shi lamba, sai ya riƙa amsa kiran lambarsa kaɗai. Na'urar kuma iri biyu ce. Akwai wadda ake tuƙi da wayar hannu, ana shafa gilashi. Akwai kuma ɗan akwati mai igiya da abin murɗawa irin na tsohuwar rediyo.

“Malama, wa za ya tuƙa?” in ji shi.

Na ce Baba.

“To tahi ki tambaye shi. Ki dubi hannunai kuma.”

Na tambaya, ta bakin Gwaggo. Amsa ta dawo: duk wanda na ga ya dace. Hannun kuwa ban duba ba. Ni da nake ganin na waye, ina zan kai wa ubana akwati mai igiya kamar na zamanin da? Na zaɓi ta waya. Mai gyaran ya ɗaga kafaɗa, ya yi odar kaya, ya bi ni Kusada wata Asabar ya haɗa komai.

Ranar na yi bajinta. Na shafa gilashi, baƙin jirgin ya tashi, jan ya tsaya cik. Na sake shafawa, jan ya yi ƙara ya bi bayansa. Maƙwabta suka cika ƙofar shago. Baba ya tsaya hannu a baya yana murmushi, ya dubi Gwaggo ya ce, “Allah shi yi mata albarka.” Na ajiye masa tsohuwar wayata, na koma Kankiya ina jin kaina kamar ni na ƙera jirgin.

Damina ta kankama. Duk lokacin da na buga waya na tambayi jirgi, sai a ce lafiya lau yake. Sai bayan wajen wata biyu na samu zuwa, na tarar Baba ya tafi gonarsa ta hanyar Kaikai. Na leƙa shago. An share ko'ina tsaf, an lulluɓe jiragen da ƙyalle, wayar tana cike da caji. Amma dogon ya dushe. Tun ina ƙarama na ji Baba yana cewa layin da ake bi ƙyalli yake yi, wanda aka bari shi ke yin duhu. Har gizo-gizo ya yi saƙa a rumfar tashar Kankiya.

Na fita tsakar gida raina a ɓace. Gwaggo tana tsince wake, ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Sai yau kika gani? Wayar taki ba ta jin yatsanai.”

“Kamar yaya, Gwaggo?”

“Mutumin da ke riƙe da hauya tun safe, mi kike so gilashi shi ji? Kanta ce ko'ina. Shi shafa, shi danna, abu ko motsi. Ran nan ruwan zahi na ba shi ya jiƙa hannun. Ya shafa man kaɗe. Har dutsena na goge kaushi ya ara, ni dai na ce a maido mani abina.”

Dariya ta ƙwace mini, sannan ta yanke. Na hango Baba a raina zaune shi kaɗai yana goge ɗan yatsa da dutse don kada 'yarsa ta ji cewa kyautarta ba ta yi ba. Dā can ko ba komai yana kunna jiragensa su zagaya tare. Ni na zo na raba shi da wannan ma. Kunya ta kama ni, irin wadda ba ta gado ba.

“Me ya sa ba ki faɗa mini ba?”

“Ya ce in na hwaɗa maki bai yahe ba. Yanzu ko ai ke kika gani da idonki.”

Litinin na koma wurin mai gyara. Bai ce ai na gaya miki ba, ya dai yi 'yar dariyar da ta fi faɗin zafi. Wannan karon na zauna muka zaɓa a tsanake. Na ce ina son abin murɗawa babba wanda hannu zai cika da shi, mai ɗan ƙas-ƙas in an juya, don ya ji a yatsa. Maɓallai kaɗan, lambobi manya. Jan maɓalli guda na tsayar da komai. Ya nuna mini hoton wani a wayarsa, ya ce wannan har da wurin soka akwati na biyu, ko da wani zai so su yi tuƙi tare. Na ce a haɗo da na biyun, ba don na san amfaninsa ba.

Saura yadda za a karɓe wayar ba tare da an kunyata kowa ba. Gwaggo ta ce in bar mata. Da na koma Kusada, da la'asar, Baba yana zaune, ta dube ni ta ɗaure fuska. “Ke, waccan wayar da kika bari, ni nike so. Ki nemo ma yayana wani abin.” Baba ya sunkuyar da kai, amma na ga gemunsa yana rawa.

Ran da aka haɗa sabon, ba mu kira kowa ba. Baba ya sa aka kawo tsumma ya goge dogon da kansa har ya yi ƙyalli. Ya zauna, ya ɗora akwatin a cinya, ya yi bisimilla, ya murɗa. Ƙas. Baƙin jirgin ya motsa a hankali, kamar mai jan tarago arba'in. Ya ƙara. Ya zagaya da shi ta Kankiya, ya rage gudu tun daga nesa, ya shigo da shi Kusada ya tsayar daidai bakin gwangwanin kifin, ko tsinke bai wuce ba. Ya yi dariya har da buga ƙafa. Ban taɓa jin daɗin wani abu da na saya kamar na ranar ba.

Sai ya ɗauki akwati na biyu. Na zaci Gwaggo zai miƙa wa ta miƙo mini, kamar kullum. Hannuna ya saka wa. Ya koma gefen tashar ya tsaya yadda ya saba tsayuwa shekara talatin. Ni kuwa ɗoki ya sa na fara murɗawa, jan jirgin ya zabura.

Ya ɗaga tafin hannunsa mai kanta, ya dube ni ido cikin ido.

“Direba, dakata,” in ji shi. “Ban ba ki hannu ba tukuna.”

Na tsayar. Na jira har ya sauke hannun, sannan na wuce.