Ranar da Inna Ta Jefi Allon Fim

Ni na ja Inna zuwa wani laburare kusa da unguwar Tandabawi a nan ƙasa mai tsarki, don an ce za a nuna tsohon fim na ƙasar Lituwaniya. Ba ta jin yarensu, Larabcin da ke ƙasan allon ma ba ta iya karantawa, ni nake raɗa mata.

Can aka nuno sojoji sun ɓalle ƙofar wani gida. Suka finciko maigidan, suka buga masa gindin bindiga a baki, suka ja shi a ƙasa. Takalminsa ɗaya ya rage a bakin ƙofa.

Inna ta miƙe zumbur. Ta cire takalminta ta wurgi allon da dukan ƙarfinta, kamar mai jifan Shaiɗan a Mina, tana ihu, "Ku sake shi, azzalumai!"

Wata mata a bayanmu ta tuntsire da dariya, ta ce da Larabci wai mu 'yan Takari ba mu san fim ba. Na juya na zabga mata mari, har gilashinta ya tashi sama. Ta yakushe ni a wuya, muka kifar da kujeru, mai gadi ya kore mu.

Inna ta tako kwalta mai zafi da takalmi ɗaya. Na ce ta karɓi nawa, ta ƙi.

"Haka babanki ya tafi, ranar da aka zo kamen marasa iƙama, takardar zama," in ji ta. "Takalminsa ɗaya da ya bari na nan ƙarƙashin gadona."