Kwalbar da Na Tsinta a Gota

Har na koma ga Allah ba zan manta ranar da na tsinci kwalbar nan a bayan gidanmu na Lamashegu a Tamale ba. Lokacin 'yata kwana huɗu tana zawo, ido ya faɗa. Ni kuwa zama ya gagare ni, in shiga ɗaki in fito, in taɓa jikinta in sake taɓawa.

An yi ruwa da safe, na je zubar da ruwan wanki sai na ga kwalbar roba maƙale a gota, wato kwata. An liƙe bakinta da jan abu, ciki da takarda a nannaɗe da wani ɗan baƙin akwati. Na kira uwar mijina, tana gani ta ja da baya.

"Kar ki taɓa da hannu! Jifa ne. Shi ya sa yarinya ta ƙi tashi."

Yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni, amma a ranar ko musu ban yi ba. Muka naɗe kwalbar a tsumma, na goya 'yata, muka hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, zuwa Sagnarigu wajen wani malami. Muna jira a ƙofar gidansa sai ga mota ta tsaya. Wata mata da wani mutum suka sauko suna duban waya, kamar masu cigiyar akuya.

Matar ta ce, "Mma, sannunku. Kwalbarmu tana nan?"

Ashe malaman jami'a ne, ita ta Tamale, shi ta bakin teku. Haɗa kai suka yi suna sakin kwalabe masu na'urar da ke nuna musu inda suke a waya, suna jefa su a gota, su ga ko robar da muke zubarwa tana bin koguna har teku. Mutumin ya yi dariya. "Mun ce yau ruwa ya hau tudu a guje!"

Uwar mijina ba ta yi dariya ba. "To in ba jifa ba ne, me ke cin jikata?"

Matar ta ɗan ja fatar cikin yarinyar, ta tambayi inda muke ɗibar ruwa. Na ce rijiyar bayan gida, kuma duk sanda gota ta toshe ta cika, ruwan rijiyar kan yi wari. Fuskarta ta canza.

"'Yar'uwa, shiga mota."

A asibiti aka yi wa 'yata ƙarin ruwa, washegari ta kama nono. Na daɗe ina jin warin nan, ban taɓa faɗa wa kowa ba, don ina ganin wa zai saurari wadda ba ta gama firamare ba. Tun ranar, abin da idona ya gani ko hancina ya ji, faɗa nake yi, ko a gaban wa.