Katar Ɗin da Jahanara Ta Tura Ɗanta

Jahanara ba maƙaryaciya ba ce. Tun da mijinta ya rasu ya bar mata ɗa ɗaya da ɗakin kwano a bakin kogin Jamuna, naɗin zare take yi wa masaƙan ƙauyensu, kuma ba a taɓa jin an ce sili ya ɓace a hannunta ba. Ƙarya ɗaya ta taɓa shararawa, ita ce kuwa ta kusa ruɓar mata da ɗa a kurkuku.

Ɗan nata, Tofazzal, da ake kira Tofa, yana aiki a wata masaƙa a garin Sirajganj. Zare ya ɓace a ɗakin ajiya, mai masaƙa ya duba ya ga wanda ba shi da gata, ya nuna shi. 'Yan sanda suka jibge shi har ya ce shi ya ɗauka. Wa zai sha wannan duka bai ce ba? Aka tura shi kurkuku. Da Jahanara ta koma gida daga ganinsa maƙwabta suka tambaya, kunya ta kama ta, sai bakinta ya ce, "Ya tafi ƙasar Katar neman aiki."

Haka ta shiga wahala biyu. Ranar ziyara ta dafa shinkafa da miyar kifi, ta rufe da gefen zaninta, ta ce asibiti za ta. A harabar kotu kuma 'yan kamasho suka yi ta juya ta, wannan ya ce ya san magatakarda, wancan ya ce alƙali surukinsa ne. Marasa tsoron Allah, ko ɗaya bai nuna mata ƙofar ofishin da ake ba talaka lauya kyauta ba, alhali ga ta nan a harabar. Sai da damina ta wuce, wata mata a layin ziyara ta ja ta har can.

Lauyar, Farzana, yarinya ce siririya mai tabarau. Ta saurare ta tsaf, tana kiranta Khala, wato inna.

"Khala, share hawayenki. Abin da ya faɗa a hannun ɗan sanda ba hujja ba ce a gaban alƙali. An kama shi da zaren?"

"Ko sili."

"To yana da haƙƙin neman beli, ba alfarma za mu roƙa ba. Ki kawo mini mutumin garinku sananne wanda zai tsaya masa."

Jahanara ta rage murya. "'Yata, garin ai sun san yana Katar."

Farzana ta cire tabarau ta murza ido. "Khala, sai ki zaɓa. Ko ki buɗe baki, ko ya ci gaba da zama a ciki."

Sanannen mutum a unguwarsu ɗaya ne, Mokbul mai kanti. Matarsa Shefali kuwa sun yi shekaru ba sa ga maciji da Jahanara, saboda agwagin Shefali masu yi wa Jahanara ɓarnar alayyaho. Gidan nan Jahanara ta shiga. Ta tarar Shefali na gyaran kifi.

"Bhabi," ta ce, wato matar yaya, "Tofa ba ya Katar."

Shefali ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ashe? Ni dai na ce Katar ta matso kusa, tunda ana kai mata miya da zafinta."

"Kin sani?"

"Har agwagina sun sani, uwar Tofa. Kin tuna shekarar da Mokbul ya tafi Maleshiya? Kin ga tsaraba? Rikicin gona ne, yana can inda ɗanki yake. Ni ma haka na yi ta ɓoye kwano."

"To me ya hana ki magana?"

"Ke kika kulle ƙofa, in fasa miki? Zauna, za ki faɗo mini a kan kifi." Ta juya ta ƙwala wa mijinta kira. "Kai, baban Rina! Fito da farar rigarka, gobe kotu!"

Jahanara ta zube a tabarma ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Abin takaicin ke nan: kowa ya sani, kowa ya yi shiru don ladabi, yaro kuwa na can sauro na cinsa.

A zaman kotu na gaba Farzana ta miƙe ta yi bayani, ba ta ko daɗe ba. Mokbul ya tsaya wa Tofazzal, alƙali ya ba da beli. Da yamma Tofazzal ya fito, ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa. Uwarsa ta shafa kansa, ta shafa kafaɗunsa.

Shari'a tana nan ba ta ƙare ba, Farzana ta gaya musu ƙarara, kada Tofazzal ya kuskura ya tsallake zama ko ɗaya. Mokbul ya kama kunnensa a gaban jama'a.

"Ka ji ko? Wuyana na sa maka. Ka gudu, ni da sandata za mu biyo ka."

"Kawu, in gudu ina? Ko tafiya da ƙyar nake yi."

A motar komawa ya jingina da kafaɗar uwarsa, barci ya kwashe shi tun ba su fita gari ba. Hannunta ya sage, amma ba ta motsa ba har suka isa.