Gwaggo Rabi a gida mai ɗaki hamsin

Duk wadda ta taɓa shiga bas ɗin ƙungiyarmu ta matan unguwar Bronx ta san Gwaggo Rabi, yayar babana, ba don ta gani take zuwa yawon bazara ba, don ta raina ne. Ita ce farkon rubuta suna, ita ce farkon taɓe baki. Ba miji, ba ɗa, sai ni da take ja duk inda za ta.

Ranar da muka je bakin teku a Long Island, kujera ta kafa ta juya wa ruwan baya, da mayafi har da safa, tana kallon wurin ajiye motoci. Na ce mata tekun fa yana bayanta. Ta ce ai ta san shi, ta samansa ta wuce a jirgi ta zo ƙasar nan, ko a lokacin bai burge ta ba.

Daga nan aka kai mu gidan wani attajirin da ya daɗe da mutuwa, wai fada, ɗaki hamsin, sai sanyi da hotunan mutane masu ɗaure fuska. Shekara ashirin Gwaggo tana aikin jinyar tsofaffi a gidajensu, don haka shigar mai duba aiki ta yi. Ta ɗaga igiyar da aka tare hanya da ita, ta shafa tebur, ta nuna wa baturiyar da ke zagayawa da mu ƙurar yatsarta. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

A ɗakin barcin attajirin baturiya na ta koɗa gadon, Gwaggo ta katse ta, wai wa ke kansa ranar da ya cika? Aka ce wata nas ce da aka ɗauka haya. Ta ja tsakin da ya cika ɗakin.

"Duk wannan gida, ba mai ba shi ruwa sai irina!"

Muka kwashe da dariya. Amma a bas ta damƙe hannuna, ta ce, "Hadiza, kar ki bari baƙuwa ta rufe min ido." Na ce ta cika fitina.

Da ciwo ya kwantar da ita a ɗan ɗakinta na titin Grand Concourse, mu matan ƙungiya mun cika shi har bakin ƙofa, tana ta mita wai mun tare mata iska. Ni na rufe mata ido.

Allah ya jiƙanki Gwaggo, ya yalwata miki kabarinki, kada ya bar ki da kaɗaici.