Silba Ai Silba Ce

Har yau in na bi ta gaban rumfar mai waldar nan ta hanyar Roni sai na kau da kai na tofar da yawu. Tir!

Dambu nake sayarwa a Kazaure. Madambacina na dalma ya cinye, sai na ce bari in kai babban kwanon silbar da Inna ta bar mini a huda shi, in riƙa aiki da shi kullum maimakon ya zauna a saman kabad. Shi kaɗai na gada a wurinta. A gindinsa akwai ɗigo uku na jan farce da ta yi da hannunta, shaidar da take gane kwanonta da ita a gidan biki.

Na ce wa mai waldar, “Malam, ka duba da kyau, wannan mai tauri ce, ba irin ta tukunya ba.”

Ko kallona bai yi ba, goro cike da bakinsa. “Hajiya, silba ai silba ce.”

Mu dai duk kwanon da yake ƙyalli silba muke ce masa, mai taushi da mai tauri. To ni mai dambu ce, in na faɗa ba laifi. Amma mutumin da ƙarfe ne abincinsa?

Na koma inuwa na zauna. Ya kife kwanon, ya ɗaura wa injin hudarsa wani baƙin baki, ya sake masa wuta gaba ɗaya. Ƙarar ta shiga har haƙorana. Da na ga hayaƙi na taso da sauri, sai na tarar da mutumin nan yana tsartar da yawun goro a gindin kwanon Inna, wai yana sanyaya shi. Yawun na tafasa yana kumfa ja. Bai tsaya nan ba, ya tsoma bakin injin a gwangwanin baƙin mai, wanda aka juye daga babur, ya sake dannawa. Kwanon abinci fa! 

Na ce, “Kai, a ina kake hudawa?”

Ya ce, “A kan shaidar nan mana. Ai an sauƙaƙa mini aiki.”

Biyu ya riga ya ɓula, a karkace, gefensu ya ƙone ya yi shuɗi. A na ukun bakin ya karye, bayan ya cinye jan farcen. Na fizge kwanona, na ce masa Allah ya isa, ban ko rage murya ba.

Ana haka wani dattijo mai gyaran injin niƙa a rumfar kusa ya dawo daga sallar azahar. Ya karɓi kwanon ya jujjuya. Ya ce, “Ayya, ’yata. Wannan ƙarfen bakin huda shi daban ne, kobal ake ce masa, launinsa kamar zuma. Kuma ba a yi masa gudu. A hankali ake bi, a danna da ƙarfi, ana ɗiga mai mai tsabta, ko man gyaɗa ne. In ya yi zafi ƙara tauri yake yi.”

Na ce, “Baba, ai ihu bayan hari ne.”

Sau bakwai na wanke shi da toka da sabulu. Warin ya tafi, amma in na kalle shi jan yawun nan nake gani. Ga shi bai zama madambaci ba, ba ya kuma riƙe ruwa. Na mayar da shi saman kabad.

Da ƙaramar sallah ƙanwata ta zo daga Babura. Ta sauko da shi, ta kife, kamar yadda muka saba tun muna yara. Ta daɗe tana shafa wurin da ya ƙone da ɗan yatsa.

Ta ce, “Yaya, wannan na wane gida ne? Ina na Inna?”